AUREN ƘARFE DA ƘASHI: YADDA AKE GYARA FUSKAR TAITANIYAM DOMIN JIKI YA KARƁE SHI

Gabatarwa

Duk wanda ya san ƙasar Funtuwa da Malumfashi ya san ƙasa ce ta masu cin abinci da ƙarfin jikinsu. Auduga ce ta fara fito da sunanta, har Turawa suka kafa injunan gurza a garuruwan biyu, aka kuma bi da hanyar jirgin ƙasa ta Funtuwa zuwa Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920. Cikin 1975 aka buɗe Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda ya yawaita takin zamani da noman masara, ya kuma fitar da hanyoyin karkara. Tun daga nan zirga-zirga ta ƙaru, domin a Funtuwa hanyar Zariya zuwa Gusau da Sakkwato ta gamu da wadda ta bi ta Bakori da Malumfashi zuwa Yashe, da kuma ta Birnin Gwari. Inda motoci da babura suka yawaita kuwa, karaya ba ta yin wuya. Ga kuma tunkuyin shanun huɗa, da injunan casa, da faɗowa daga ɗorawa ko mangwaro. Daga wajen 2019, da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a Faskari da Sabuwa da Ɗandume, sai raunin harsashi ya shiga cikin lissafi.

Bahaushe yana da maɗora tun kaka da kakanni, kuma ba wanda zai musa cewa karaya mai sauƙi, wadda ƙashi bai huda fata ba, takan ɗinke a hannun gwanin maɗori. Amma akwai inda kara da tsumma ba su da iko: ƙashin da ya farfashe, da wuyan ƙashin cinya da ya karye can cikin ƙugu, da gaɓar da ta mutu ta rugurguje, da haƙorin da ya fita da saiwarsa. A irin waɗannan wurare ne likita kan dasa ƙarfe, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, ko kuwa a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa cikin 1959. Tambayar da majinyaci kan yi ita ce: ƙarfen zai zauna, ko kuwa wata rana zai yi girgiɗi a sake yanka shi? Kashi mai yawa na amsar yana kan fuskar ƙarfen, watau wurin da ya taɓa ƙashi, kuma wannan shi ne abin da bayanin nan zai bi daki-daki.

Halin Ƙashi

Mutane da yawa sun ɗauka ƙashi busasshen abu ne kamar icce, saboda a mahauta ko bayan an ci nama suke ganinsa. A cikin jikin mai rai kuwa abu ne rayayye, mai hanyoyin jini da ɓargo da ƙwayoyin halitta. Kimanin kashi 2 cikin 3 na nauyinsa wani ma'adini ne na kalsiyam da fosfaras, wanda masana ke kira haidiroksi-afatait, a nan kuwa za a riƙa ce masa gishirin ƙashi. Fosfaras ɗin nan shi ne manomi ya sani a cikin takin supa. Saura kuma ruwa ne da wani zare mai danƙo, wanda ke hana ƙashi tsagewa, kamar yadda ramno ke riƙe ƙasar gini.

Cikin ƙashi akwai ma'aikata iri biyu, magina da marusa. Marusa suna cinye tsohon ƙashi, magina suna biye da su suna aza sabo, har ya zama cikin kowace shekara ana sabunta kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙashin baligi. Cikin 1892 wani likitan Bajamushe mai suna Julius Wolff ya bayyana cewa ginin nan yana bin nauyi ne: inda kaya ya yawaita ƙashi kan yi kauri, inda aka ɗauke masa kaya sai ya zaizaye.

Idan baƙon abu ya shiga jiki, kamar ƙaya ko harsashi, al'adar jiki ita ce ya kewaye shi da wani tantani mai yauƙi ya keɓe shi. Haka yakan yi wa galibin ƙarafa. To, ƙarfen da tantani ya raba shi da ƙashi kamar turke ne da aka kafa cikin taɓo. Zai tsaya na ɗan lokaci, amma kowace takawa tana ƙara masa girgiɗi, girgiɗin yana sa marusa su ci ƙashin da ke kewaye, har ramin ya yi masa yawa.

Taitaniyam da Yanarsa

Cikin 1791 wani limamin coci a Konwal ta ƙasar Ingila, William Gregor, ya tsinci alamar wani sabon ƙarfe cikin baƙin yashin rafi. Bayan shekara 4, Martin Klaproth na Jamus ya raɗa masa suna taitaniyam. Shi ne na 9 wajen yawa cikin sinadaran ɓawon ƙasa, sai dai raba shi da duwatsunsa aiki ne ja, domin ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,668, kuma da ya yi zafi sai ya haɗiye iska ya lalace. Sai wajen 1940 William Kroll, mutumin Lukzambag, ya fito da hanyar tace shi da yawa, wadda har yanzu ita ake bi. A Nijeriya ana samun baƙin yashinsa tare da kuza a tsaunukan Jos, amma ba a tace ƙarfen a cikin ƙasa. Galibin abin da duniya ke haƙowa ma farin fenti ake yi da shi.

Abu uku suka sa likitoci suka so shi. Na farko, nauyinsa bai kai kashi 60 cikin 100 na baƙin ƙarfe ba, ga shi kuwa da ƙarfi, musamman in an gauraya shi da kashi 6 cikin 100 na alminiyam da kashi 4 na banadiyam. Na biyu, taurinsa kusan rabin na farin ƙarfe mara tsatsa ne, saboda haka yakan ɗan lanƙwasa tare da ƙashi ya bar masa rabonsa na kaya. Ko da yake har yanzu ya fi ƙashi tauri ninki 4 ko fiye, ya fi sauran dama, domin an riga an ga abin da ke samun ƙashin da aka ɗauke wa kaya.

Na uku shi ya fi muhimmanci. Da zarar an yanki taitaniyam iska ta taɓa shi, kafin ƙiftawar ido sai ya yi wata yana, kamar yadda kunu kan yi in ya huce. Yanar nan tsatsa ce, amma ta bambanta da tsatsar garma, wadda ke ɓarewa tana ci gaba da cin ƙarfe. Ita wannan manne take, ba ta narkewa cikin ruwan jiki, kaurinta bai wuce kashi kaɗan cikin miliyan na milimita ba, in kuma an karce ta sai ta sake fitowa nan take. Ashe ke nan jini da ƙashi ba su taɓa gamuwa da ƙarfen kansa, da yanar suke gamuwa. Duk aikin gyaran fuskar taitaniyam aiki ne a kan wannan yana: siffarta, da kaurinta, da tsabtarta.

Yadda Aka Gano Kamun Ƙashi

Tun cikin 1940 wasu masu bincike a Amurka suka lura ƙashin kyanwa yana manne wa taitaniyam, cikin 1951 kuma Gottlieb Leventhal ma ya ga haka. Amma wanda ya riƙe maganar har ta zama magani shi ne Per-Ingvar Brånemark na ƙasar Suwidin. Cikin shekarun 1950 yana nazarin yadda jini ke gudana cikin ɓargo, sai ya dasa wani ɗan bututun leƙe na taitaniyam a ƙafar zomo. Da ya gama bincike ya zo cire kayansa, sai abu ya ƙi fita, ƙashi ya riƙe shi kam. Ya duba da madubi mai ƙara girman abu, bai ga tantani a tsakani ba. Wannan hali shi za a kira kamun ƙashi.

Cikin 1965, a birnin Gotenbag, ya dasa ƙusoshi 4 a muƙamuƙin wani mutum da ya rasa haƙoransa na ƙasa, ya ɗora masa haƙoran roba a kansu. Mutumin ya ci abinci da su shekara 40 har ya rasu cikin 2006. Duk da haka likitocin haƙori sun daɗe suna tababa, sai a wani taro da aka yi a Toronto ta Kanada cikin 1982 duniya ta sallama.

Ƙusoshin Brånemark kusan sumul suke, yadda injin sassaƙa ya bar su. Saboda haka sai an jira wata 3 a muƙamuƙin ƙasa, wata 6 a na sama, kafin a aza musu nauyi, kuma inda ƙashi ba shi da ƙwari sukan fi faɗuwa. Cikin 1981 almajirinsa Tomas Albrektsson da abokan aikinsa suka jera sharuɗɗa 6 na kamun ƙashi: irin ƙarfen, da ƙirarsa, da fuskarsa, da lafiyar ƙashin da zai karɓe shi, da gwanintar mai tiyata, da yadda za a aza masa nauyi. Daga cikinsu fuska ce maƙera suka fi samun abin yi a kanta.

Abin da ke Faruwa a Fuskar Ƙarfe

Farkon abin da ke taɓa ƙarfe bayan an dasa shi jini ne. Cikin 'yan daƙiƙoƙi sinadaran jini sun lulluɓe yanar, sa'an nan jinin ya daskare ya yi zare-zare kamar saƙar gizo, ya haɗa ƙarfe da bangon ramin. A kan zaren nan ne magina ke takowa daga ɓargo. To, gudan jini yakan tsuke in yana warkewa. Idan fuskar sumul ce, sai zaren ya saɓule ya bar ta, magina su tsaya can nesa, ginin ya taso daga gefen ƙashi kaɗai. Idan tana da kaushi, zaren yakan sami wurin kamawa, magina su iso har kan ƙarfen su fara aza gishirin ƙashi a jikinsa, ginin ya taho daga gefe biyu ya haɗu a tsakiya.

Wannan ba baƙon ilmi ba ne ga Bahaushe. Magini ba ya yaɓe a kan sumul ɗin bango sai ya karce shi ya yayyafa masa ruwa. Mai facin taya yakan goge roba da zarto kafin ya shafa gam. Dutsen niƙa in ya yi santsi sai an ƙoda shi. Bambancin kawai shi ne ma'aikatan da ake yi wa kaushin a nan ido ba ya ganinsu, don haka da maikuromita ake awo, watau kashi 1 cikin 1,000 na milimita. Kaurin gashin kai guda yakan kai maikuromita 70 ko kusa da haka. Binciken Ann Wennerberg da Albrektsson a Suwidin ya nuna matsakaicin kaushi, na maikuromita 1 zuwa 2, shi ƙashi ya fi so a dashen haƙori.

Akwai kuma sharaɗin natsuwa. Cikin 1986 Robert Pilliar da abokan aikinsa a Kanada suka nuna cewa in ƙarfe yana motsi cikin raminsa da maikuromita 150 ko fiye a lokacin warkewa, tantani ne zai fito maimakon ƙashi. Watau motsin da bai wuce kaurin gashi 2 ba ya isa ya ɓata aiki. Manomin da ya taɓa yin auren mangwaro ya san dalilin da ya sa ake ɗaure reshen tam a bar shi har ya kama.

Hanyoyin Gyaran Fuska

Hanya ta farko ita ce feshin narkakken taitaniyam. Ana zuba garin ƙarfen cikin wani harshen wuta na lantarki mai zafin da ya wuce digiri 10,000, ya narke ya fantsama a jikin abin da za a dasa, ya daskare gudaji-gudaji. André Schroeder na Jami'ar Ban a Suwizalan ya nuna amfaninta cikin shekarun 1970. Kaushin da take bayarwa babba ne. An rage yin ta a dashen haƙori, amma har yanzu ana yi wa ƙarafan ƙugu.

Ta biyu ita ce harbi da yashi, sa'an nan jiƙo cikin asid. Ana harba wa ƙarfen tsakuwoyi masu tauri, masu girman maikuromita 250 zuwa 500, da iska mai ƙarfi, su yi masa manyan ramuka. Daga nan sai a tsoma shi cikin asid mai zafi, wanda ɗaya daga cikin mahaɗansa irin ruwan batir ne, ya ci ƙananan ramuka a cikin manyan. Cikin 1991 Daniel Buser da abokan aikinsa a Ban suka gwada fuskoki iri-iri a ƙashin ƙananan aladu, suka auna yawan fuskar da ƙashi ya taɓa kai tsaye. Mai santsi ta sami kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Mai feshin taitaniyam ta sami 30 zuwa 40. Wadda aka harba da manyan tsakuwoyi aka jiƙa cikin asid ta sami 50 zuwa 60. Da wannan fuska ta shiga kasuwa a ƙarshen shekarun 1990, jiran dashen haƙori ya sauko zuwa mako 6 ko 8 ga mai lafiyayyen ƙashi.

Ta uku ita ce ƙara kaurin yanar da lantarki. Ana tsoma ƙarfen cikin ruwan asid a saka masa wuta, yanar ta yi ta kauri har ta ninka ɗaruruwa, tartsatsin wuta yana huda ta yana barin ƙananan kafofi. In ruwan yana da fosfaras, wani abu daga ciki yakan shiga yanar. Irin wannan fuska ta shiga kasuwa cikin 2000 da sunan TiUnite.

Ta huɗu ita ce shafen gishirin ƙashi. Tun da magina sun saba da wannan ma'adini, sai aka ga a lulluɓe ƙarfen da shi, da kaurin maikuromita 50 zuwa 200, ta hanyar feshin wuta. Ronald Furlong ya fara dasa ƙarfen ƙugu mai irin wannan shafe a Ingila cikin 1985, Rudolph Geesink ya bi baya a Holan cikin 1986. A gwajin Buser ita ta zo ta ɗaya, da kashi 60 zuwa 70, sai dai an ga alamar jiki yana cinye shafen. Aibinta shi ne yaɓe ne a kan bango: in ya yi kauri ainun, ko ba a yi shi da kyau ba, yana iya ɓarewa.

Ta biyar daga Japan ta fito. Cikin 1996 Tadashi Kokubo na Jami'ar Kiyoto da abokan aikinsa suka jiƙa taitaniyam cikin ruwan soda mai ƙuna, irin wadda masu sabulu ke aiki da ita, a zafin digiri 60 na awa 24, sa'an nan suka gasa shi a digiri 600 na awa 1. Fuskar da aka yi wa haka, in ta shiga ruwan jiki, da kanta take janyo kalsiyam da fosfaras ta yi wa kanta shafen gishirin ƙashi. Cikin 2007 hukuma a Japan ta amince da ƙarfen ƙugu mai wannan gyara.

Ta shida ita ce yi wa ƙarfen kafofi kamar soso, domin ƙashi ya shiga ciki ya saƙe. An gano kafofi masu faɗin maikuromita 100 zuwa 400 sun fi dacewa, domin hanyoyin jini suna iya bi. Da can ƙananan duwatsun ƙarfe ko zarensa ake gasawa a manna. Daga 2007 maƙera a Italiya suka fara fitar da kwandon ƙugu wanda na'ura ke ginawa hawa-hawa daga garin taitaniyam, soso da gangar jiki duk abu guda.

Har wa yau an lura cewa fuskar da aka gyara, in ta zauna cikin iska, takan kwashi wani maiƙo da ido ba ya gani, har ɗigon ruwa ya riƙa tsayawa a kanta kamar a kan ganyen gwaza. Jini ba ya malala sosai a irin wannan wuri. Saboda haka cikin 2005 aka fito da ƙusar haƙori wadda ake wankewa ba tare da iska ta taɓa ta ba, a rufe ta cikin ruwan gishiri har ranar dasawa.

Inda Haɗari Yake

Kaushin da magina ke so, ƙwayoyin cuta ma suna sonsa. Cikin 1987 Anthony Gristina na Amurka ya kwatanta abin da tsere: duk wanda ya riga isa fuskar ƙarfe, tsakanin ƙwayoyin jiki da ƙwayoyin cuta, shi zai mallake ta. Idan ƙwayoyin cuta suka riga, sai su lulluɓe kansu da wani yauƙi wanda maganin kashe su ba ya ratsawa sosai, wurin ya yi ta zubar da mugunya, sau da yawa kuma ba makawa sai an cire ƙarfen. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa karayar da ƙashi ya huda fata, in aka shafa mata magungunan gida aka ɗaure ta kwana da kwanaki kafin a kai asibiti, takan zama mummunan masauki ga kowane irin ƙarfe. Ana ta gwada shafa wa fuskar azurfa, ko aidin, ko maganin kashe ƙwayoyin cuta, wasu ma sun shiga aiki a asibitocin Turai da Japan, amma ba wanda ya maye gurbin wanke rauni da wuri da tsabtar ɗakin tiyata.

Tsabtar maƙera ma abin lura ce. A watan Disamba na 2000 wani kamfani a Ostin ta jihar Tekzas a Amurka ya janye kwandunan ƙugu da ya sayar, bayan an gano ɗan ragowar man inji ya maƙale cikin kafofin fuskarsu. Ƙarfen mai kyau ne, ƙirar ma ba laifi, amma maiƙon ya hana ƙashi kamawa, dubban mutane suka koma aka sake yi musu tiyata. Abin da ya faru a can darasi ne ga duk ma'aikacin da aka ɗora wa sayen kayan asibiti, domin ido ba ya bambanta ingantaccen ƙarfe da jabu.

Sa'an nan ba ko'ina ake son kamun ba. Fallen ƙarfe da ƙusoshin da ake ɗaure karaya da su, musamman a jikin yara, sau da yawa ana cire su bayan ƙashi ya ɗinke. In ƙashi ya kama su, cirewar takan zama wahala. Masu bincike na ƙungiyar AO a Dabos ta Suwizalan, ƙungiyar da aka kafa cikin 1958 domin nazarin ɗaurin karaya, sun nuna goge irin waɗannan su yi santsi yana sauƙaƙa cire su. Don haka mai karayar cinya da aka sa wa sandar farin ƙarfe mara tsatsa kada ya ɗauka an rage masa hanya. Aikinta riƙo ne na ɗan lokaci, kuma ta isa.

Abin da Ya Shafi Wannan Ƙasa

Inda kamun ƙashi ya fi shafar mutanen Arewa shi ne ciwon amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila. Kimanin mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana ɗauke da irin ciwon, kuma cikin 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai 150,000 da shi kowace shekara a ƙasar. Ƙwayoyin jinin mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini. Kan ƙashin cinya, wanda ke juyawa cikin ƙugu, hanyoyin jininsa kaɗan ne, saboda haka in sun toshe sai ya mutu ya lotsa. Mai wannan lalura yakan kasance saurayi ko budurwa masu shekara 20 ko 30, ya fara da ɗingishi, ya kai ga ba ya iya sunkuyawa da fartanya, ko hawa babur, ko zaman tahiya. Maɗori ba shi da abin ɗorawa a nan, domin ba karaya ba ce.

Sauya ƙugu ya kankama ne da aikin John Charnley a Ingila cikin 1962, shi kuwa da wani siminti na roba yake kafa ƙarfen. Hanyarsa tana da kyau ƙwarai ga tsofaffi, har gobe ana bin ta. Amma simintin ba ya sabunta kansa, in ya tsage ya tsage. Ƙashin da ya kama taitaniyam kuwa kullum magina suna gyara shi. Wannan ya sa likitoci da yawa suka fi zaɓar ƙarfe mai kaushi, mara siminti, ga matashi mai sikila, wanda ake fatan zai taka shi shekaru masu yawa. Aikin yana da wuya, domin ƙashin mai sikila yakan yi tauri a wani wuri ya yi rauni a wani, kuma ya fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta.

Kayan nan daga waje ake sayo su da kuɗin waje, kuma galibi iyali ne ke biya. Gidan da ya sayar da shanun huɗa, ko ya jinginar da gona, domin tiyata ɗaya, ba shi da abin yin ta biyu, ita kuwa ta biyu ta fi tsada da haɗari, tun da ƙashin da za a kama ya ragu. Saboda haka akwai haƙƙi a kan majinyaci da danginsa. Ya bi umarnin likita game da sanduna da ranar fara takawa, ko da kaka ta zo aiki ya yi yawa, domin an ga abin da motsin kaurin gashi 2 ke yi. Ya bar taba, domin tana tsuke hanyoyin jinin da magina ke dogara da su. Mai ciwon sukari ya daidaita shi kafin tiyata. Ya kuma nemi a rubuta masa sunan ƙarfen da lambarsa ya adana.

Akwai kuma haƙƙi a kan hukuma da jami'o'i. Suwidin ta buɗe rajistar sauya gwiwa cikin 1975, ta ƙugu cikin 1979, inda ake rubuta kowane ƙarfe da aka dasa da ranar da ya lalace, kuma ta haka ake gane mugun kaya da wuri. Bin diddigin lafiyar jama'a ba sabon abu ba ne a wannan yanki, domin cikin shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful sun yi shekaru suna binciken zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da saran maciji a ƙauyukan Malumfashi. Daɗin daɗawa, masu bincike a sashen injiniya na jami'ar a Zariya sun wallafa ayyuka kan fitar da gishirin ƙashi daga ƙasusuwan shanu da na tarwaɗa, abubuwan da ake zubarwa a mahauta da kasuwa. Tsakanin ɗakin gwaji da jikin mutum akwai tafiya mai nisa ta gwaje-gwaje da izinin hukuma, amma an ɗauki hanya.

Kammalawa

A taƙaice, taitaniyam ya sami karɓuwa a jiki ne saboda siririyar yanar da ke lulluɓe da shi, kuma aikin masana tun daga shekarun 1970 shi ne ƙoda wannan yana, da kaurara ta, da shafa mata gishirin ƙashi, da tsare tsabtarta, domin magina su riga tantani da ƙwayoyin cuta isa wurin. An rage lokacin jira, an kuma sami kamu a ƙashin da a da ba ya riƙe ƙarfe. Sai dai fuska sharaɗi ɗaya ce cikin 6 da aka jera cikin 1981. Sauran suna hannun maƙeri, da mai tiyata, da majinyaci, da wanda ya fara karɓar mai rauni a ƙauye. Maɗorin da ya ga ƙashi a waje, ko ciwon ƙugu ba tare da faɗuwa ba, ya ce a wuce asibiti a ranar, ya yi wa mai ciwo rabin aiki. Ɗalibin kimiyya da ma'aikacin lafiya da mai riƙe da baitulmali kowa yana da nasa rabon a cikin sauran. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kiyaye masu lafiya, amin.